Kawu Hangame da Karnukan Manya

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekara ashirin da shida ya yi yana buɗe bakin karnuka. Ba zolaya nake yi ba, aikinsa ke nan a asibitin dabbobi, kuma a kansa ya yi ritaya. Aikin shara aka fara ɗaukarsa. Wata rana aka kawo wani jibgegen kare mai kai kamar turmi, ma'aikata uku suka haye tebur, likita ya maƙale bayan firjin allurai, mai karen kansa ya koma waje yana leƙe ta taga yana cewa, "Ba ya cizo fa." Kawu ya jingine tsintsiyarsa, ya zagaya ta baya, ya danne karen da gwiwa, ya matsa masa muƙamuƙi da yatsa biyu, baki ya hangame. Likita ya fito daga maɓoyarsa ya jefa ƙwaya. Daga ranar ba a sake ganin tsintsiya a hannun Kawu ba, sunansa na gaskiya kuma ya bi ruwa. Hangame kowa ke ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci.

Likitoci tara suka zo suka wuce yana riƙe musu. Abin da ya fi ji a bakinsu shi ne maganar tsutsar ciki, don kusan duk karen da aka kawo, kome ya kawo shi, sai an haɗa masa da maganinta. Kawu ya haddace abin tsaf. Ko daga barci aka tashe shi zai karanta maka: kwikwiyo da ya cika sati biyu a ba shi, bayan sati biyu a maimaita, haka har ya yi wata uku, daga nan wata-wata har wata shida, babban kare kuma duk bayan wata uku. A auna kare kafin a ba shi, ba a ba da magani da ido. A haɗa da uwar, don ita ke zuba wa 'ya'yanta tun suna ciki, ta ƙara musu ta nono. A kwashe kashi daga tsakar gida, a kashe ƙuma, a wanke hannu. Duk wannan gaskiya ne, babu likitan da ya taɓa musa masa. Matsalar ita ce ilimin Kawu rijiya ne, akwai zurfi babu faɗi. Kare ya rame, tsutsa. Ya yi ƙiba, tsutsa ce ta kumbura shi. An taɓa kawo masa wani da mota ta taka wa ƙafa, ya duba ƙafar yana girgiza kai, ya ce lafiyayyen kare ai da ya kauce, a fara da maganin tsutsa.

Ranar da ya bar aiki ya dawo gida da farar riga ta likitoci. Shi ya ce ba shi aka yi saboda daɗewa. Likitar da ya bari a asibitin, wata mace mai ƙaramin jiki da ba ta son dogon surutu, ta ce ita dai ta rataye rigarta a ƙusa ta shiga wanke hannu. Ya ɗaura akwatin katako a bayan babur ɗinsa, ya zuba ƙwayoyi da maganin ruwa na 'yan kwikwiyo da sirinji marar allura, ya ɗauke sikelin da matarsa ke auna kanta da shi, ya shiga gari gida-gida. Yadda yake awo shi ne ya rungumi kare ya hau sikeli, sannan ya cire nauyin kansa. Sai dai ba ya hawa shi kaɗai, wai ya san nauyinsa tun yana saurayi, kilo sittin da takwas. Sai da ya auna wani kwikwiyo da bai fi tafin hannu biyu ba ya samu kilo goma sha ɗaya, sannan ya yarda tumbin nasa ne ba na kwikwiyon ba.

Babban makaminsa kwalba ce, tsohuwar kwalbar zuma, cike da tsutsotsi a cikin ruwan magani. In mai gida ya fara jan ƙafa, sai Kawu ya zaro ta ya ɗaga wa rana. "Ka ga waɗannan dogayen? Kamar taliya. Waɗannan 'yan gutsattsarin kuma kamar shinkafa, su za ka gani manne a gindin wutsiya." Bai san wurin da ake wannan magana da wurin da ba a yi ba. Inna, matarsa, shekara huɗu ta yi ba ta dafa taliya ba. Da ya fara taɓa shinkafa sai ta ja layi: kwalba ba ta wuce bakin ƙofa, mai kwalba kuma in abinci na gabansa bakinsa na tauna ne kawai. Mahaifiyata in ya kawo mana ziyara, tun daga famfon waje take tare shi da sabulu. Ni kuwa, gaskiya ɗaya ce, a wurin aiki ban taɓa cewa ina da kawu ba.

Sakatariya ce ni a ofishin wani darakta, irin ofishin da 'yan kwangila ke zaman jira tun safe da manyan riguna da ƙananan muryoyi. Cikinsu akwai wani da muke kira Mai Turare, don ƙamshinsa kan riga shi hawo bene. Ya yi wata biyar yana bin wata takarda da ke kan teburin Darakta. Ya gano Darakta mutum ne mai son karnuka, yana da wani tsohon kare baƙi da ya fi wasu 'ya'yansa shiga ɗakinsa. Sai Mai Turare, da niyyar yi masa kyautar kwikwiyo, ya sayo wa kansa karya daga ƙasar waje, da cikinta, da takardunta a cikin jakar roba. Karyar dai ta gaske ce, takardun ne ban rantse ba ƙarya ba ne. Ta haifi shida.

Maigadin Mai Turare ne ya tare Kawu a hanya, don ya ga 'yan kwikwiyon suna zawo, shi ke wanke wurin kuma ya gaji. Kawu ya shiga ya tsuguna. Sati bakwai da haihuwa, ciki ya yi tulu, haƙarƙari a waje, gashi ya bushe kamar tsohon buroshi. Ya ɗaga leɓen ɗaya ya ga dasashi fari fat. Yana cikin haka mai gidan ya fito da waya a kunne.

"Wane ne wannan?"

"Mai maganin karnuka ne, ranka ya daɗe," in ji maigadi.

"Yallaɓai, 'ya'yan nan cike suke da tsutsa," Kawu ya ce. "An taɓa ba su magani?"

Mai Turare ya sauke wayar a hankali. "Tsutsa? Ka san daga inda uwarsu ta zo? A jirgin sama ta zo. Abincinsu na gwangwani ne. Ruwan da suke sha ko kai ba ka samunsa. Dubi cikinsu, ƙoshi ne wannan."

"Tsutsa ba ta duba fasfo, yallaɓai. Da ita aka hau jirgin."

Ya kai hannu akwati ya zaro kwalbar. A nan zance ya ƙare. Mai Turare ya ce a fitar masa da wannan ƙazamin mutum daga gida, ya kuma gaya wa maigadi in ya sake shigo da 'yan tallan titi, shi da su za su fita tare. Kawu ya hau babur ɗinsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce da ƙarfi yadda na ciki zai ji, "Gani ya kori ji."

Bayan kwana tara matar Darakta ta tara baƙi a gida da rana, matan manya da mazajensu, ni kuma aka kira ni in taya ta karɓarsu. Falon nan an shimfiɗa masa sabon farin kafet mai laushi, wanda tun daga ƙofa take roƙon mutane su cire takalma saboda shi. Ana tsakiyar cin abinci sai ga Mai Turare da kwando, an ɗaura masa jan kirtani. Ya durƙusa gaban Darakta ya buɗe. Kwikwiyo mafi girman ciki a cikin shidan ya zaɓo, wai shi ne ya fi lafiya. Mata suka yi ta "kai, ji ɗan tumbinsa," wata ta ɗauka ta sumbace shi a goshi, wata ta miƙa masa gutsuren nama. Aka ajiye shi a kan kafet. Ya yi taku uku, ya tsaya, ya gantsare baya, ya yi kakari sau biyu, ya amayar.

Da amai ne kawai, da an goge an ci gaba da hira. Amma abin da ya fito yana motsi. Dunƙule guda, farare dogaye, suna warwarewa a hankali a kan farin kafet. Matar da ta sumbace shi ta ruga bayi tana goge baki da gyale. Wani babban mutum ya dubi farantinsa, taliya ce a ciki, ya ture shi gefe. Matar Darakta ba ta yi ihu ba, ta dai dubi Mai Turare da irin kallon da ke sa mutum ya tuna yana da wani uziri a wani gari. Shi kuma sai cewa yake, "Wallahi yana da takardu, suna mota."

Darakta ya juyo gare ni. "Ki samo mini wanda ya san abin nan, yanzu." Ranar hutu ce, asibitin dabbobi a rufe. Na fita baranda na yi abin da na shekara shida ina gudu, na kira Kawu.

Ko minti ashirin ba a yi ba na ji babur ɗinsa. Ya shigo da farar riga, ya cire takalma ba tare da an ce masa ba, ya dube ni ya ce, "A'a, 'yar ƙanwata, ashe nan kike," yadda kowa zai ji. Sannan ya ga Mai Turare. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi irin wannan haske ba.

"Yallaɓai, barka da rana. Yaya ƙoshin?"

Ya auna kwikwiyon, ya zuƙi maganin ruwa a sirinji, ya ce yana buƙatar mai riƙewa, kuma wanda kwikwiyon ya saba da ƙamshinsa ya fi. Haka Mai Turare ya durƙusa da babbar rigarsa ya riƙe, Kawu na gyara masa hannu. "Ba haka ba, yallaɓai, za ka shaƙe shi. Ɗaga haɓar. Yawwa, ka fara iyawa." Ya ɗiga maganin ta gefen baki, ya shafa maƙogwaro har ya haɗiye. Ya bayyana wa Darakta cewa gobe da jibi za a ga matattu a kashinsa, kada a tsorata, a kwashe a binne, bayan sati biyu a maimaita don ƙananan da ba su mutu ba. Ya ce duk wanda ya taɓa kwikwiyon ya wanke hannu da sabulu, don ƙwan tsutsar na iya shiga cikin mutum, musamman yara masu wasa da ƙasa. Aka yi layi a wurin wanke hannu, manyan gari, kowa na naɗe hannun riga. Washegari ya je gidan Mai Turare ya ba sauran biyar da uwarsu magani, maigadi ya buɗe masa ƙofar mota gaba ɗaya ko da yake da babur ya zo. Ɗaya daga cikin biyar ɗin bai ƙara sati a duniya ba, tsutsa ta riga ta shanye masa jini. Takardar Mai Turare kuwa tana nan kan tebur har yau, ni ke kaɗe mata ƙura.

Da labarin ya tsaya a nan, da Kawu ya gama da duniya lafiya. Amma matan da suka ci abinci a gidan nan duk suna da karnuka, kuma duk sun ga abin da suka gani. Wayarsa ta hana shi sakat. Ya sa aka rubuta masa allo a ƙofar gida, da jan fenti: Dokta Hangame, Ƙwararre. Inna ta tsaya ta karanta ta ce, "Ƙwararre a me?" Ya ce allon ne bai isa ba. Ya fara rataya abin sauraren ƙirji a wuya, wanda robarsa ta tsage, ba a jin kome da shi. Ya daina cewa "in ji likita," ya koma "a ganina."

Bayan wata huɗu tsohon baƙin karen Darakta ya daina cin abinci. Yana amai, yana kwanciya da ƙirji a ƙasa gindi a sama, in an taɓa cikinsa ya yi ƙara. Darakta bai kira kowa ba sai Kawu. Kawu ya ɗora masa abin sauraren nan, ya lumshe ido kamar mai jin labari daga nesa, ya ce tsutsa ce. Darakta ya ce ai wata ɗaya ke nan da ka ba shi magani. Kawu ya ce wannan mai taurin kai ce. Ya buɗe baki ya jefa ƙwaya, kare ya dawo da ita. Washegari ya sake, ya sake dawo da ita. A kwana na uku kare ko ruwa ba ya riƙewa, ido ya faɗa, Kawu yana maganar a ƙara yawan magani. Matar Darakta ce, wadda ba ma son karen take yi ba, ta ce wa direba ya ɗauke shi ya kai asibiti kafin ya mutu mata a baranda.

Ni aka tura in bi su, tunda ni na kawo Kawu gidan, shi ma ya biyo mu a babur ɗinsa. Likita ta latsa cikin karen sau biyu, ta ɗauki hoto, ta ce wani abu ne ya toshe hanji, sai tiyata, kuma da an ƙara kwana ɗaya da ba sai an wahalar da ita ba. Ta dubi Kawu daga sama har ƙasa, ta daɗe a kan rigar. Sannan ta ce, "Baba, zo ka riƙe mini shi in sa masa allura." Ya riƙe. Nan kam ba a fi shi ba. Karen da ke ta gurnani ya lafa a ƙirjinsa.

Awa biyu muna zaune a benci. Kawu ya zuba wa ƙofar ɗakin tiyata ido. Ya cire abin sauraren ya cusa a aljihu. Sau ɗaya ya ce, ba ni yake kallo ba, "In ya mutu, ni ne." Na ji tausayinsa, na kuma ji tausayin kaina, don ina ganin aikina na bin karen.

Likita ta fito da ƙaramin faranti na ƙarfe. A ciki akwai safa, baƙa, ta siliki, irin wadda Darakta ke sawa. Ta miƙa wa Kawu farantin har gaban hanci.

"Baba, wannan wace iri ce a cikin tsutsotsin naka? Sati nawa-nawa ake maimaita mata magani?"

Kawu ya dubi safar. Na ga leɓensa na motsi, na roƙi Allah a zuciyata ya yi shiru. Bai yi ba.

"Likita, ai kare ba ya cin safa haka kawai. Yunwar tsutsa ce ta..."

"Cire rigata."

Ya cire, ya ninke, ya ɗora a benci. Ta zauna kusa da shi, ta sassauta murya, ta ce abin da ya sani ya sani, ita da kanta ta ga 'yan kwikwiyon unguwanni sun daina zuwa mata da kumburin ciki tun da ya fara yawo, kuma ba ta son ya daina. Amma daga yau lafiyayyen kare kaɗai zai ba magani, mai ci mai sha mai kaɗa wutsiya. Duk wanda ya ƙi abinci, ko yake amai, ko ya kwanta, ya ɗauko shi ya kawo mata. In ta sake jin an kira shi dokta, da kanta za ta kai ƙararsa.

Karen ya tashi. Darakta bai kore ni ba, sai dai ya yi wata guda yana kirana "'yar gidan Dokta" a gaban baƙi. Inna ta ba mai fenti aikin shafe kalma ta farko da ta ƙarshe a allon, ta tsaya a kansa har ya gama.

Kawu ya bi umarnin Likita, amma irin bin da ya fi saɓawa ciwo. Kare ya yi atishawa, ya ɗauro shi a babur ya kawo. Kare ya bar loma ɗaya a kwano, ya kawo. Ya taɓa kawo mata wani da mai shi ya ce ya cika yin hamma. In ta ɗaga kai ta gan shi a ƙofa sai ya ce, "Ni ba likita ba ne, ina zan sani?" Ta jure wata uku. A cikin tarkacen da ya kwaso mata kuwa an samu biyu da ke da ciwo na gaske, ɗaya ƙoda, ɗaya mahaifa ta ruɓe, kuma kawowar da wuri ce ta cece su, abin da ya hana ta korarsa ke nan. Daga ƙarshe ta ce ya riƙa zuwa Talata da Alhamis yana riƙe mata, ko ta san inda yake kwana biyu a sati.

Yanzu ya haura saba'in. Ya sayi riga ruwan ƙasa mai aljihu huɗu, yana nan yana zagayensa, kuma karnukan unguwarsu da sun ji ƙarar babur ɗinsa suke shigewa ƙarƙashin mota. Watan jiya na kai musu ziyara na tarar yana ba wani sabon maƙwabci labarin karen Darakta. A yadda yake bayarwa yanzu, shi ne ya latsa cikin ya ji safar da yatsansa, har ya gane ta siliki ce, ya ce a garzaya asibiti, yarinyar nan Likita ta tsaya gardama sai da hoto ya fito. Maƙwabcin na ta jinjina kai. Inna na daga ciki tana tsince wake a tire, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ka gaya masa ta ƙafar hagu ce ko ta dama."

Kawu ya gyara zama, ya ce ta hagu ce.